Ƙwai a Lagireto

Bakanike na zare tiyon lagireto, wani wari ya buge su kamar na mushen ɓera. Mai motar ta toshe hanci da mayafi. Jiya injin ya tafasa a hanyar asibiti, mahaifiyarta na nishi a kujerar baya.

Bakaniken ya zaƙulo wani abu mai yauƙi, ya tofar da yawu. "Hajiya, ga ciwon. Wani jaki ne ya fasa ƙwai a ciki don toshe yoyo, ruwa ya daina zagayawa. Wannan ko keke kada a ba shi!"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ja tsaki.

"Guda uku ka fasa, malam, watan jiya. Na huɗun ka sa a aljihu."