Dicha a Gadon Asibiti

"Me ta ce? Don Allah, me ta ce?"

Mutumin ya matso har yana buge ƙarfen gadon. Tun da ruɗin tsufa ya kama mahaifiyarsa, Turanci ya gudu daga bakinta, sai Sifaniyancin ƙuruciyarta, wanda shi ko gaisuwa bai iya da shi ba. Shi ya sa asibitin ya kira tafinta.

Tafintar ta dube shi. Dokar aikinta ɗaya ce: ba ƙari, ba ragi.

"Akwai wata kalma, dicha," in ji ta. "Turanci ba shi da guda ɗaya da za ta ɗauke ta. Farin ciki ne, kuma sa'a ce. Ta ce matar da ta haife ka ta sami dicha."

Ya durƙusa, ya kifa fuskarsa a tafin hannun tsohuwar. "Mama, kin gane ni! Yau kin gane ni!"

Tafintar ta fice, ta jingina da bango. Sauran maganar tsohuwar, wadda ba ta fassara masa ba, na nan a ranta:

"Ni kam Allah bai ba ni haihuwa ba. Ɗan waye wannan bawan Allah?"