Mutum Uku a Ƙofar Asibiti

Ni Nomau, kwalara ta kama ni ta sake ni, 'yan bindiga sun kama ni sun sake ni. Ban taɓa zama a aji ba, amma ba a yi ƙofar da ta gagare ni ba.

Tun da aka kafa dokar nan, duk Bamaguje sai ya hura bututu kafin ƙofar asibiti ta buɗe masa. In ta ji warin giya, sai gobe. Sauran jama'a wucewa kawai suke yi. Ban ce ba ta yi rana ba. Ƙanena Jatau ya bar burkutu saboda ita, har yau yana noma.

Ranar Laraba na raka jikata Dela, jaririyarta na zazzaɓi. Na hura, Dela ta hura, ƙofa shiru.

"Baba, mutum uku ta ƙirga," in ji mai gadi. "Saura ɗaya."

"Kwananta tara a duniya, ɗan nan. A cikin uwa ta sha?"

"Wallahi Baba ba ni da makulli. Don lafiyarku aka yi."

Dela ta fara hawaye. Na ce ta ba ni yarinyar. Na kara bakinta a bututu, na mintsine ta a cinya. Ta tsala ihu, ƙofa ta buɗe.

Yanzu matan ƙauyenmu ni suke nema in raka su. Wurin mintsini babu kamar ni, don ni ba na barin tabo.