Tsagar Kujerar Kakata

Ina da shekara tara kujerar tsakar gida ta marigayiya kakata ta tsage. Daga Zariya Baba ya taho da ita nan ƙasar waje, zafin hita mai ɗumama ɗaki lokacin sanyi ya busar da ita. Baba ya zuba ƙusoshi huɗu a aljihu, muka nufi garin Manassas wurin wani tsohon kafinta ɗan Japan, wanda aka ce ya shekara hamsin yana gini da katako bai taɓa buga ƙusa ba.

Shagonsa ƙamshi yake kamar an fiƙe sabon fensir. Baba ya zube ƙusoshin a kan tebur, tsohon ko kallonsu bai yi ba. Ya shafa tsagar da babban yatsa, ya sassaƙa ɗan katako mai siffar malam-buɗe-littafi, ya fafe masa gurbi a kan tsagar, ya doka shi sau uku da guduma. Ya zauna daram.

Baba ya ce, "Amma malam, ai tsagar tana nan."

Tsohon ya ce, "Tana nan. Itace yana numfashi ko bayan an sare shi. Da sanyi zai buɗe, da zafi ya rufe. In ka matse shi da ƙusa, a wani wurin zai fashe."

Baba ya kwashe ƙusoshinsa, ya ce mini, "Ɗauki kujerar kakarki mu tafi."

Yanzu tana falona. Duk hunturu tsagar takan buɗe har tsinken ashana ya shige, baƙi su ce in kai ta gyara. Nakan ce musu a gyare take, su zauna kawai.