Allurar da Ido Ba Ya Gani

Dakta ta kwashe soson wanke-wanke da cokalin yarinya da ragowar ruwan da ke cikin kofi, ta ƙulle kowanne a ledarsa, yayarta na tsaye bakin ƙofar kicin tana kallo. 'Yar Dakta mai shekara biyu na kwance a asibiti, gudawa da zazzaɓi sun tsotse ta, har an rasa jijiyar da za a sa mata ruwa sai a ka. Yaya ce ke riƙe da yarinyar kullum, tun safe har uwar ta taso aiki a gajiye, ta miƙa wa 'yar wayarta ta yi wasa don ta samu ta miƙe ƙafa.

Ran Dakta ya ɓaci matuƙa, don ta san abin da ke gudana a cikin 'yarta. Irin ƙwayar cutar da ke kawo wannan ciwon take kiwo a ɗakin bincikenta. Ƙwayar na da wata allura da ido ba ya gani. Takan manne wa bangon hanji, ta tsira allurar, ta ɗura sinadaran da ke juya kan hanjin har ya buɗe mata ƙofa da kansa. In aka cire allurar ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi.

Duk wannan ta zazzage wa Yaya, har da ƙari. Ta ce ƙazanta ce, ta ce bakinta ya gaji da maganar wanke hannu. Yayar da ta goya ta bayan rasuwar mahaifiyarsu ta saurara har ƙarshe.

"Ke ma da hannun nan na raine ki," in ji Yaya.

"Allah ne ya tsare ni. In wani abu ya samu 'yata, Yaya, ba ni ba ke."

Yaya ta haɗa kayanta ta bar gidan. Mijin Dakta ya so bin sahu ya ba da haƙuri, Dakta ta ce ya zauna ya jira hujja.

Gwaji bai nuna komai a soso da cokali da ruwan ba. Wannan ma bai sanyaya ta ba, cewa ta yi ai an riga an wanke laifin. Ta karɓo ƙwayar da asibiti ya samu a jikin yarinyar, ta ɗora a madubin ƙara girma, ta kunna fitilar aikinta tana huci.

Alluran suka haska kore shar. Ƙwayar da ke yawo a kicin ko a ruwa ba ta haske. Wannan koren Dakta ce ta dasa shi da hannunta don ta riƙa ganin allurar, kuma duk duniya babu inda ake kiwon ƙwaya mai shi sai kan teburin ɗakin bincikenta, inda take ajiye wayarta.