Abin da ke Kunnen Jhumur

"Cire iyafis ɗin nan daga kunnenki ki ɗauki littafi, malalaciya," in ji Shirin.

Jhumur, wadda suke ɗaki ɗaya a jami'a a birnin Rajshahi, ta gyara kwanciya kawai, idonta a lumshe.

A wurin Shirin, sauraren littafi a waya ba karatu ba ne, barci ne da sunan karatu. Karatu shi ne irin wanda aka koya mata a gida: ka harɗe ƙafa a kan gado, kana rangaji gaba da baya, kana karantawa da ƙarfi har muryarka ta dushe. Haka ta yi duk zangon. Gurbi ɗaya ne a digiri na biyu na tarihi, kuma ta riga ta gaya wa mahaifinta nata ne.

Ranar da aka kafe sakamako, sunan Jhumur ne a sama. Na Shirin na biye.

Shirin ta faɗo ɗakin a fusace, ta fizge iyafis ɗin daga kunnen Jhumur. "Bari in ji wannan gwanin da ya fi ni iya karatu."

Ta sa a kunne. Shiru. Ta ja igiyar, sai ga bakinta ya fito daga ƙarƙashin matashi, ba a haɗe da komai ba.

"Ai wayata ta faɗa kogi tun damina, Apu," in ji Jhumur, wadda ke kiran Shirin Apu, wato yaya.

"To me kike saurare duk watannin nan?"

"Ke mana. Ga murya garau, ga maimaici. Da kin san ina ji, ai da kin rage murya."