Turaren Amya

An yi wani dattijo mai zuma a wani gari da ke bakin daji. A zamanin ƙuruciyarsa, idan ɗorawa ta zuba jajayen furanninta, tun daga bayan kasuwa ake jin gunjin ƙudan zuma kamar ana niƙa a wani gida mai nisa. Da wuya ka ga babbar bishiya da ba ta ɗauke da amyar gidansu, an saƙa ta da ciyawa, an shafe ta da kashin shanu, an ɗaure ta a tsakanin rassa. Saƙa amya kowa zai iya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne turaren da ake yi mata kafin a rataye ta, wani haɗi na saiwoyi da ɓawon itace wanda ƙamshinsa ke kiran ƙuda daga uwa duniya. Wannan haɗi gadon gidansu ne. Kakansa ya nuna wa ubansa, ubansa ya nuna masa a bayan rumbu, murya ƙasa-ƙasa, ya kuma gargaɗe shi kada ya bari ya fita daga zuriya. Dattijon ya riƙe wannan magana kamar yadda ake riƙon amana. Sai dai 'ya'yansa biyu birni ya ɗauke su. Sukan zo da salla, su lashi zuma su yaba, amma ko ƙuda ɗaya ya ratsa tsakar gida sai ka ga sun rufe kai da riga.

Ana nan sai wani saurayi ɗan gidan mahauta ya dawo gari. Ya gama makarantar aikin gona, ya yi yawon neman aiki har takalminsa ya cinye. Ya zo ya durƙusa gaban dattijon, ya ce yana so ya rataya amya shi da abokansa, su riƙa tace zuma suna zubawa a kwalba suna kaiwa birni. "Baba, ba zumarka nake roƙo ba, hanya nake so ka nuna mini." Dattijon ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin na zo rumfarku na ce a miƙo mini wuƙa? Kowa da gadon gidansu." Saurayin bai yi fushi ba. Ya je ya saƙa tasa amyar, ya rataye ba turare, ya yi ta zarya yana leƙawa. Babu abin da ya tare a ciki sai gizo-gizo da ƙadangare. Da rani ya yi nisa, masu sayen gawayi suka fara shigowa da manyan motoci, su kuwa ba su tambayar mutum ɗan gidan wa ne. Saurayin da abokansa suka wasa gatari. Suka fara da kirya da marke, da waɗannan suka ƙare suka koma kan kaɗanya da ɗorawa. Yara ne masu tarbiyya, don haka duk bishiyar da suka gani da amyar Baba a kanta sai su kewaye ta su wuce. Dattijon ya ga haka, hankalinsa ya kwanta, ya ce ai nasa ba a taɓa ba. Ya manta cewa ƙudan zuma a bishiya ɗaya yake kwana, amma a daji duka yake kiwo. Shekara ta zagayo, ya hau ya taɓa amya ya ji ta sakayau. Ta gaba ma haka. Ya ƙara turare, ya sake ƙarawa, ƙuda ya zo ya shinshina, ya duba bai ga fure ba, ya yi gaba.

Wata safiya ya tsaya a inda kurmin ɗorawa yake a da. Babu komai sai kututture da baƙaƙen ramukan gawayi, da shirun da bai taɓa jin irinsa ba a wurin. Nan ya gane cewa ya tsare sirrin, amma bai bar wa sirrin wurin zama ba. Ya koma gida ya ƙulle saiwoyin a tsumma, ya nufi gidan mahauta da sandarsa. Ya tarar da saurayin yana ɗinke bakin buhu, hannu baƙi ƙirin. Ya ce, "Ɗana, wanke hannunka ka zo. Wannan ba ya son warin gawayi." A bakin rafi akwai sauran 'yan bishiyoyi da gatari bai kai gare su ba, can suka rataya amyar farko mai turaren da ba ta gidan dattijon ba. Ƙuda ya shiga. Tun daga ranar, wanda duk ya doshi wurin da gatari, samarin nan ne ke fara tare shi, su da suka fi kowa sanin yadda ake kayar da itace. Har dashen ɗorawa suka yi a tsakanin kututturan. Amma ɗorawa ba ta sauri. Dattijon ya ga dashen ya kai masa ƙugu, bai ga furensa ba, kuma bai sake jin gunjin nan na ƙuruciyarsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Da ya buɗe hannu ranar da yaron ya fara durƙusawa, da dajin na nan tsaye. Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗa na kowa ne.