Sa Hannun Iyaye Sittin

Takarda sittin Malam Abdulganiyu ya raba wa yara a wata makaranta ta gefen Ketare, guda biyu suka dawo, ɗayar ma jiƙe da man ƙosai. A wajen Damari ya raba wasu sittin, ko ƙyallinsu bai sake gani ba. Mutanen nan dai ba su sa hannu a takardar baƙo, balle wadda ke neman sunan ɗansu da na gidansu.

Shekara huɗu ke nan yana fama da digirinsa na uku a kan koyar da zane a makarantun ƙauye. Kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arsu kuwa ya yanke masa magana ɗaya: in babu sa hannun iyaye, kada ya kuskura ya auna ɗan kowa, kuma zangon nan ne na ƙarshe da za a ɗaga masa ƙafa. Mutumin naku har ya rame.

Wata firamare a bayan Daudawa ita ta rage masa. Hedimasta Yahya ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka dama fura, ya saurari kukansa har ƙarshe.

"Haba Malam, ka taso tun daga birni mu mai da kai haka nan? Ai abin kunya ne gare mu. Ba mu kwana biyu."

Ranar Laraba sai ga takardu sittin cif, babu lanƙwasa, babu tabo. Wani ya sa hannu da boko, wani da ajami har da ƙawa, wasu sun dangwala babban yatsa, layi-layi raɗau. Malam Abdulganiyu ya rungume su a ƙirji, ya ji kamar ya yi kuka don daɗi. Lokacin girbi ne, rabin gari na kwana a gona, amma ina ruwansa da wannan lissafi?

Nan take ya shiga aji. Ya ɗaga hoton tuffa a cikin faranti, ya ce kowa ya zana. Yara suka yi ta kallon juna, don yawancinsu ba su taɓa ganin abin ba. Wani ya zana yalo, wani goruba. Wata 'yar aji shida mai suna Kulu, yatsunta baƙi ƙirin kamar wadda ta kwana da lalle, ta ja da'ira ɗaya a karkace, ta ajiye fensir tana yarfa hannu. Ya girgiza kai ya ba ta sifili. Da yake shi mai kiyaye amana ne, ya goge sunanta ya sa mata lamba.

Kwamiti ya yaba masa ƙwarai. Har aka riƙa nuna takardunsa ga na baya, ana cewa ga yadda ake neman izini. Babin ƙarshe na littafinsa ya kammala da cewa yaran karkara ba su da hannun zane ko kaɗan, kuma awar da ake ɓatawa a darasin gara a ƙara wa lissafi. Sharaɗi ɗaya ya rage kafin a sa masa hula: ya koma ya karanta wa iyayen abin da ya gano.

Ya koma kuwa, da sabuwar babbar riga. An taru a gindin dalbejiyar makaranta, ya yi ta zuba bayani, hedimasta na can gefe yana ta sharce gumi duk da inuwa.

Wani dattijo, Baba Mani, ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Malam, tsaya. Wa ya ba ka izinin auna ɗiyanmu, har ka tafi birni kana cewa ba su iya komi ba?"

Malam Abdulganiyu ya yi murmushin wanda ya daɗe yana jiran wannan tambaya. Ya buɗe jaka, ya zaro takarda, ya miƙa da hannu biyu.

"Ku da kanku, Baba. Ga shi."

Tsoho ya kai takardar dab da ido, ya juya ta, ya sake dubawa.

"Wallahi hannuna ne, har ɗan karkatan da nike yi tunda na faɗo daga amalanke. Amma ni ban taɓa ganin takardar ga ba."

Wuri ya ruɗe, kowa na neman tasa. Wannan ya rantse nasa ne, ya kuma rantse bai yi ba. Can sai wata mata, Zulaihatu, ta fashe da kuka riƙe da tata takardar. Sa hannun mijinta ne, wanda aka binne shekara uku da suka wuce.

Malam Abdulganiyu ya bi takardun da ke hannun mutane da kallo. Shekara huɗu ce yake kallo tana zubewa a gabansa. Ya juya ga hedimasta.

"Malam Yahya, ka gaya mini gaskiya don Allah. Wane ƙwararre ka ɗauko ya yi wannan?"

Hedimasta ya sunkuyar da kai.

"Tsohon littafin taron iyaye kawai muka ba da, aka kwaikwaya. Na yatsa ma da tsinke da tawada aka zana, ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyu ana yi, shi ya sa ranar gwajinka hannun ya riga ya gaji."

Sai ya ɗaga murya wajen yaran makarantar da suka yi layi a gefe.

"Kulu! Zo ki gaishe da Malam."